Tsufa a Ƙasar Kura da Bunkure, Kafin Ruwan Tiga da Bayansa

Garin Kura yana kudu da birnin Kano a kan hanyar Zariya, tafiyar kamar mil 20. Bunkure kuwa tana kudu maso gabas da Kura, a kan hanyar Rano. Wanda ya bi ta wannan ƙasa da bazara, sa'ad da sauran ƙasar Kano ta bushe ƙayau, sai ya ga kore shar iyakar ganinsa, ga shinkafa, ga masara, ga tumatir da albasa, ruwa na gudu cikin magudanai kamar ana tsakiyar damina. An sha ba da labarin wannan ruwa ta wajen buhu nawa a ke samu a gona, da kuɗi nawa Gwamnati ta kashe. Amma akwai wani gefen labarin da ba a cika bi ta kansa ba, watau abin da ruwan ya yi wa tsofaffi: abin da su ke dogara da shi sa'ad da ƙarfi ya ƙare, da wanda ke ɗauke da su, da irin cututtukan da ke kwantar da su.

Kafin a gane wannan sai an koma baya, a ga yadda tsoho ke zaune a zamanin da. A ƙarni na 19 Kura ta yi suna ƙwarai wajen rini da bugu. Baƙin rawanin nan mai ƙyalli da a ke kira ɗan Kura har cikin Sahara a ke kai shi, Buzaye ba su da abin ado kamarsa. Bature Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya yi mamakin yawan tufafin da ƙasar ke saƙawa tana rinawa tana aikawa nesa. To, wannan sana'a ta saƙa da rini gindinta yana hannun tsofaffin mata. Kafin masaƙi ya hau saƙa, sai an gurje auduga, an shiɓe ta, an kaɗa zare, aikin nan kuwa ba ya bukatar ƙarfi, sai haƙuri da gwaninta. Tsohuwa tana zaune a ƙofar ɗakinta da mazari da alli da tasa, ta yi zarenta, ranar kasuwa ta ba jikanta ya kai. Da kuɗin nan ta ke sayen goronta da man shafawarta, ta yi biki, ta yi gudummawa, ba ta roƙi kowa ba.

Tsoho namiji kuwa, jigon zamansa gandu ne. Ga yadda abin ya ke. Uba shi ke da gona, shi ke riƙe da rumbu. 'Ya'yansa maza, ko da sun yi aure, a gonarsa su ke aiki da damina tun da safe har wajen azahar, sa'an nan kowa ya wuce gayaunarsa, watau 'yar gonar da uban ya yanka masa don bukatar kansa. Shi kuma uban wajibi ne ya ciyar da su da matansu, ya ba da iri da fartanya, ya yi musu auren fari, ya biya musu haraji. Da ƙarfinsa ya fara raguwa, sai babban ɗa ya karɓi jan aiki, tsohon ya koma zaure yana tufka igiya ko saƙar faifai da tabarma, yana lura da awon hatsi. Bai zama abin tausayi ba, domin har ranar da zai cika gonar tasa ce, ɗan da ya ɓata masa rai kuwa ya san abin da ya ke jawo wa kansa.

Addini ya ƙarfafa wannan. A mazhabar Malikiyya, wadda ita a ke bi a ƙasar Kano, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, kowane almajirin da ya karanta Risala ya san haka. Shari'a kuma ta sauƙaƙa wa tsoho ibada: in ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune, in azumi ya fi ƙarfinsa ya sha. Ban da wannan akwai al'adar riƙo. A kan ɗauki jika a ba kaka, ya zama shi ne ƙafarta da idonta, ya ɗebo mata ruwa, ya hura mata wuta, ya kai mata talla. Wasan nan da a ke yi tsakanin kaka da jika, ta ce da namijin mijinta, ta ce da macen kishiyarta, mutane na ɗaukarsa abin raha ne kawai, alhali kuwa shi ke sa yaro ya saba da tsohuwa har ya yi mata hidimar da babba zai ji nauyin yi. Tsohuwar da mijinta ya rasu ta gama takaba, galibi gidan ɗanta ta ke komawa. In ta ga dama ta yi auren nan da a ke kira ɗauki-sandanka, tana ɗakinta, mijin ne zai riƙa zuwa.

Kada mai karatu ya zaci kowa ya sami wannan gata. Tsarin ya yi wa mai gona da mai 'ya'ya maza kyau, amma wanda bai haihu ba, ko wanda 'ya'yansa suka mutu suka bar shi, ko bawan da ya tsufa a rinji ba gonar kansa, waɗannan sai abin da maƙwabta suka miƙo, da zakkar da a ke fitarwa da kaka, da sadakar Juma'a. Ran da yunwa ta zo kuwa, kamar Kakalaba ta 1914 ko 'Yar Buhu ta 1927, masu ƙarfi su kan tashi su nemi inda za su ci, wanda ba ya iya tafiya shi a ke bari a baya.

Turawa suka ci Kano a 1903. Hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe. Haraji ya koma na kuɗi tsaba. Tun daga nan igiyar gandu ta fara sassautawa, domin saurayi ya gane zai iya shuka gyaɗa a gayaunarsa, ko ya tafi cin rani, ya sami kuɗin aure da na haraji ba tare da ya jira uba ba. Yadin kanti kuma ya yi ta shigowa yana cin kasuwar saƙi, a hankali a hankali har mazari ya zama abin ajiya a ƙarƙashin gado. En'e ba ta da wani tanadi na musamman domin tsofaffin ƙauye. Abin da ta kan yi shi ne, in mutum ya tsufa ƙwarai ko ya nakasa, dagaci ya kai maganarsa, a cire sunansa daga takardar haraji. Fansho kuwa na ma'aikata ne. A Jamus an kafa fanshon tsufa tun 1889, a Ingila a 1908 aka yi dokar ba talakan da ya kai shekara 70 'yan sulalla kowane mako, amma Turawan da suka zo da haraji ba su zo da wannan ba. Wajen magani, asibitin birni na En'e da kuma asibitin ido da mishan suka buɗe a Kano a 1943 sun yi wa tsohon ƙauye nisa. Abin da ke kusa da shi wanzami ne da ƙahonsa, da maɗori, da mai saiwa, da malami mai rubutun sha.

Haka a ke har aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka naɗa Audu Baƙo Gwamna. Shi mutum ne mai son aikin ruwa. Aka fara da ƙaramar madatsa a Bagauda, aka buɗe gonar gwaji a Kadawa, wani kamfanin injiniyoyi na ƙasar Holan mai suna NEDECO ya zana yadda aikin zai kasance. Daga 1971 zuwa 1974 aka gina babbar madatsar Tiga a kan Kogin Kano, daidai lokacin da farin nan na 1973 ya ƙone amfanin gona ya kashe dabbobi, har ya zamana ba mai gardamar amfanin tare ruwa. Daga Tiga ruwa ke biyo babbar magudana, ya ratsa ta Ruwan Kanya, ya rabu reshe biyu, na gabas da na yamma, ya gangaro da kansa ba tare da inji ba zuwa gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura. An yi niyyar kashi na farko ya shayar da hekta 22,000, ko da ya ke an daɗe ba a cim ma wannan adadi ba. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta.

Tsofaffi su suka fara ɗanɗana ɗacin aikin. Mutum fiye da 10,000 aka tasa daga inda ruwan Tiga ya kwanta. Yaro in an tashe shi ya yi sabon gida ya manta, amma dattijon da ya bar kushewar iyayensa a ƙarƙashin ruwa ba ya sake zama daidai. A cikin filin aikin ma, an tattara mutanen da ke zaune a gidajen gona aka haɗa su a sababbin unguwanni, aka sa manyan motoci suka baje ƙasa, aka shafe iyakoki, sa'an nan aka mayar wa kowa gonarsa bayan an zaftare abin da magudana da hanya suka ci. Iyakar da a da dattijo ke nunawa da gamba ko kututturen marke, yanzu sai a takardar ma'aikaci. Ilmin da a ke zuwa nema wurinsa, na sanin wace ƙasa ke son gero wace ke son dawa, da lissafin taurarin damina, ya rage daraja, tun da alkama da takin zamani da ranar sakin ruwa duk malamin gona ne ya san su.

Babbar hasara kuwa ta itatuwa ce. Don a baje fili sai da aka tumɓuke ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya masu yawan gaske. Ga injiniya itace cikas ne, amma ga tsohuwa shi ne jarinta. Daga ɗorawa ta ke samun kalwa ta yi daddawa, daga kaɗanya man kaɗe, daga kuka miya, daga dukansu kuma itacen girki da na jin ɗumi da hunturu. Wata Baturiya mai bincike, Cecile Jackson, wadda ta zauna a ƙauyukan aikin cikin shekarun 1970 ta rubuta littafi a kansa, ta lura da wannan hasara ta mata. Ba wanda ya sa ta cikin lissafi sa'ad da a ke zana taswira.

Duk da haka ruwan bai zo wa tsofaffin mata hannu sake ba. Matan aure suna kulle, ba su fita gona, saboda haka aikin da ya buɗe na tsinkar tumatir da wake, da sheƙar alkama, da kala bayan girbi, sai ya faɗa hannun tsofaffi da zawarawa da 'yan mata. A nan ne aka yi wani abu da ya kamata a riƙa tunawa. Wani kamfani na Turai ya karɓi fili a wajen Kadawa yana noman ɗanyen wake yana aikawa Turai ta jirgin sama, masu tsinkar kuwa mata ne, da yawansu sun manyanta. A 1977 matan nan suka ga ladan da a ke ba su bai kai wahalarsu ba, suka haɗa baki suka ƙi aiki. Wake kuwa ba ya jira, in ya kwana biyu ya wuce sayarwa. Jackson ta rubuta labarin aka buga a 1978. Kai, abin da ban sha'awa: waɗanda a ke gani ba su da sauran amfani sai jiran jikoki, su ne suka tsaya wa kamfanin Turawa. Dalili kuwa a fili ya ke. Tsohuwa ba miji mai hana ta, ba ta jin kunyar kowa, kuma abin da ta samu da hannunta shi ne 'yancinta.

Ga tsoho namiji, ruwan ya zo da abu biyu masu karo da juna. Gonar da a da a ke nomawa sau ɗaya a shekara ta koma sau biyu ko uku, darajarta ta hau. 'Yan kasuwa da ma'aikata daga birni suka riƙa zuwa neman haya. Dattijon da ba shi da ƙarfin huɗa, ba shi da kuɗin taki da na tarakta da na ruwa, sai ya ba da gonarsa haya da rani ya karɓi kuɗi, da damina ya karɓi abinsa a shuka masa abinci. Wannan ya zama masa kamar fansho, ko da 'ya'yansa sun watse. Amma wannan daraja ita ce kuma ta sa ido a kan gonar. Da rashin lafiya ta zo, ko bikin 'ya, haya ta kan zama jingina, jingina ta daɗe ta zama sayarwa, mai gona ya wayi gari yana ƙwadago a gonar da ya gada. Masu binciken da suka zagaya ƙauyukan a ƙarshen shekarun 1970, irin su Tina Wallace, sun nuna masu hali ne suka fi cin moriyar aikin, ƙaramin manomi kuwa sau da yawa tsadar noman rani ta kan fi ƙarfinsa.

Gandu ma ya ƙara raunana. Saurayi ya ga ƙwadago na nan rani da damina, kuɗi a hannu kowace yamma, ga lodin tumatir a Kwanar Gafan, ga injinan casar shinkafa a Kura. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Talakawa sun yi murna, kuma sun yi gaskiya, sai dai biyan harajin ɗa yana cikin abubuwan da ke ɗaure shi ga uba, da ya tafi igiya ɗaya ta ƙara tsinkewa. Makarantar furamare ta kowa da kowa da aka buɗe a 1976 ta ɗauke jikoki da safe, lokacin da kaka ta fi bukatarsu. Ba a ce 'ya'ya sun daina jin ƙan iyaye ba. Har yanzu abin kunya ne ƙwarai a ƙasar nan a ce tsohon wani yana kwana da yunwa. Abin da ya sake shi ne, da tsoho ke rabawa, yanzu shi a ke miƙo wa, tsakanin biyun kuwa akwai nisa.

Sa'an nan ga sha'anin kasuwa, wanda ba ya tausayin mai furfura. A 1987 Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, manoman Kadawa suka samu, bayan 'yan shekaru aka janye hanin, farashi ya faɗi. A 2016 aka buɗe masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa, a shekarar nan kuma wata tsutsa ta cinye tumatirin ƙasar. Mai ƙuruciya in ya faɗi bana ya tashi baɗi. Wanda ya haura saba'in, in ya zuba abin da ya tara a gona guda ta ƙone, ba shi da baɗin da zai jira.

Wajen lafiya, ruwan kwance ya zo da nasa. A da sauro na damina ne, da kaka ta yi sai ya ɗauke. Yanzu magudanai da gonakin shinkafa sun ba shi wurin zama shekara duka, zazzaɓi ya daina sanin lokaci. Tsargiya, wadda a ke ɗauka ta wurin shiga ruwan da ke da ƙananan dodon koɗi, ta sami gida a magudanan da ciyawar kacala ta toshe. An fi ganinta ga yara, amma wanda ya yi shekara da shekaru yana tsaye cikin ruwa yana ban ruwa, ɓarnar da ta yi masa a mafitsara sai da girma ta kan bayyana. Ga kuma feshin maganin ƙwari da a ke yi ba kariya. Rani da a da lokacin hutu ne, jiki ya warware, a yi zumunci, yanzu ya zama lokacin aiki mafi tsanani.

Ban da waɗannan akwai cututtukan tsufa na ko'ina: hawan jini da shanyewar ɓarin jiki da ya kan biyo bayansa, ciwon suga, ciwon gwiwa da baya, da gigin tsufa, wanda har yanzu wasu kan ɗauka sammu ne ko maita, su wulakanta tsohuwar da ba ta san inda kanta ya ke ba. Amma ba abin da ke raba tsoho da 'yancinsa farat ɗaya kamar ido. Mai ciwon gwiwa ya kan rarrafa ya je masallaci, ya ƙirga kuɗinsa da kansa, makaho kuwa sai da ɗan jagora. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya duka daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ita ce kan gaba wajen makantar da mutane, alhali aikinta a asibiti ba ya ɗaukar sa'a guda. Binciken ya kuma nuna cikin idanun da aka taɓa saboda yana, fiye da 40 cikin 100 masu maganin gargajiya ne suka tura yanar ciki da tsinke, abin da sau da yawa kan ƙarasa idon. Daga Kura zuwa asibitocin ido na Kano ba nisa a mota. Abin da ke hana tsoho zuwa kuɗin aiki ne, da wanda zai bar gonarsa ya raka shi ya yi jinyarsa.

Gwamnati ta daɗe ba ta waiwayi wannan al'amari ba, bisa zaton dangi sun isa. Akwai babban asibiti a Kura, akwai ƙananan asibitoci a ƙauyuka, amma an fi shirya su domin masu ciki da yara. Gidan gajiyayyu na Shahuci a birni ya ke, Bahaushen ƙauye kuwa ya gwammace kome da a ce ya kai uwarsa can. A 2003 Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi. Dokar fansho ta 2004 ta shafi masu albashi ne kaɗai. A 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, a 2021 aka amince da manufar ƙasa game da tsufa, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta ambaci tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a biya wa magani. Duk waɗannan suna nan a rubuce. Sai dai manomin da ya yi shekara 50 yana ciyar da birni da shinkafa da tumatir ba shi da wani abu tabbatacce da ke zuwar masa ƙarshen wata. Da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota da na magani suka hau tare, kuma maganin hawan jini ba a shansa a bari.

Wadda ta fi kowa shiga tsaka mai wuya ita ce tsohuwa. Ran da mai gida ya rasu aka zo rabon gado, in akwai 'ya'ya, tumunin dukiya ne rabon matansa, ko ɗaya ce ko huɗu. Gonar da ke bakin magudana, wadda kakanni suka noma gaba ɗaya, an raba ta hawa biyu ko uku tun 1974, har ta zama 'yan fegi-fegi da ba su ci da gida guda. Mai 'ya'ya maza ta koma ɗakin da ɗanta ya gina mata, ta riƙa turara shinkafa ko tsince ta ana biyanta. Wadda ba ta haihu ba kuwa, in ta gama takabarta ta wata huɗu da kwana goma, sai ta ɗaure kayanta ta nufi gidan ɗan'uwanta ko ɗan ɗan'uwanta, in da kaka ne kuma a gan ta a bayan masu girbi da ƙwarya tana kala.